Jirgin balsa a bayan gorar lemo: yadda aikinmu ke tafiya a Gombe

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Kwalin ya iso jiya da daddare a jakar ƙanina da ya zo hutu daga Ingila. Tun bara nake masa naci a kai. Kayan haɗa jirgin shawagi ne na 'yan koyo, irin wanda roka ke ɗauka ta kai sama. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, jirgin kansa ba inji, ba batir, ba rimot, katako ne zalla. Ana rataya shi da ƙugiya a jikin wani bututun takarda mai ɗauke da injin roka. Roka ta cilla su sama tare, a ƙololuwa su rabu, bututun ya faɗo da ɗan ƙyallensa yana filfilwa, shi kuwa jirgin ya kwanta a kan iska ya yi ta kewaye har ya sauka. Masu gasar wannan abu ba nisan da ya yi sama suke dubawa ba, daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya taɓa ƙasa suke ƙirgawa.

Kayan cikin kwalin ba su taka kara sun karya ba. 'Yar ƙanwata da ke aji biyu a babbar sakandare tana leƙawa ta ce, "Kawu, dama wannan ne abin da ka hana mu sakat a kansa?" Falle biyu na katakon balsa da aka riga aka yanka da leza, sanda siririya ta gangar jiki, bututun takarda, ɗan hancin roba, ƙyalle, ɗan curin laka mai danƙo, sai takardar bayani. Balsa itace ne na ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka, mafi yawan wanda ke kasuwar duniya daga Ekwado yake fitowa. Farce ma lotsa shi yake yi.

Inji ne babu, kuma dama na san ba zai zo ba. Albarushi ne da aka danƙare cikin kwanson takarda mai kauri, faɗin milimita 18, tsawon milimita 70, bakinsa na yumɓu. Jirgin fasinja ba ya ɗaukar irinsa, a hannu ko a cikin kaya. Takardar ta ce a sa A8-3 ko B4-2. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin injin, B ta ninka A, C ta ninka B. Lambar farko matsakaicin tunkuɗa ce a ma'aunin Newton, ta ƙarshe kuma daƙiƙoƙin da injin ke jira bayan wutarsa ta mutu kafin ya yi 'yar fashewar da ke raba bututun da jirgin.

Talata, 5 ga Nuwamba

Shawarwari sun fara zuwa daga majalisarmu ta bayan isha'i. Wani ya ce a farfasa nokawut a tara hodarsa. Wani ya ce ya san maharbin da ke haɗa albarushin bindigar toka, a cika bututun biro da shi. Na ce a'a, kuma ba zan sake buɗe maganar ba.

Wannan wasa ma saboda gudun hakan aka ƙirƙiro shi. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik a ranar 4 ga Oktoba, 1957, samari a Amurka suka dinga dama sinadarai a bayan gida, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu. Orville Carlisle, wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska wanda ya san aikin wasan wuta, shi ne tun 1954 ya fito da injin da ake yi a gama, mai wasa ya saka kawai ya harba. Shi da G. Harry Stine suka kafa ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka a 1957, Vernon Estes kuma ya ƙera na'urar buga injinan da yawa, ya kafa kamfaninsa a 1958. Tushen abin ke nan: kada yaro ya taɓa hoda da hannunsa. Balle kuma a nan Arewa maso Gabas, inda ƙara ɗaya a bayan gari ta isa ta tada unguwa, 'yan sanda kuwa kusan duk ƙarshen shekara sai sun sanar da hana nokawut.

Don haka za mu gina jirgin yadda takarda ta ce, amma abin da zai kai shi sama ruwa ne da iska a gorar lemo. Bututun takardar ya koma kwali.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau gugar fukafukai, kuma a nan yinin ya tafi.

Fiffiken yana zuwa ne a shafe, kaurin milimita 2.4 daga gaba har baya. A haka ma zai tashi, sai dai ba zai daɗe ba. Dole a fitar masa da siffa da sanfefa: ƙasansa a bar shi a shafe, bakin gaba a mulmule shi, wuri mafi tudu ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, daga nan a yi ta zaftarewa har bakin baya ya yi siriri. Na ja layi da fensir a inda tudun zai tsaya, na liƙa salatif a kai don kada guga ta ci wurin. Sanfefar kuma mun manna ta a jikin guntun katako mai santsi. In aka riƙe ta da yatsu, sawun yatsun ne ke fitowa a jikin balsa.

'Yar ƙanwata ta fi ni hannu a wannan. Ni ina dannawa ne don a gama, ita kuwa shafawa take yi, gefe guda kawai, tana ɗaga fiffiken ga hasken taga tana duba inda haske ya fara ratsawa. Da muka ɗora su a ƙaramin sikelin da na aro wurin wani mai sayar da zinari, na dama da na hagu ba su bambanta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fiffike ɗaya in ya fi ɗan'uwansa nauyi, jirgin can zai dinga karkata, kuma gyaransa sai da ƙarin laka, laka kuwa nauyi ce.

Sai haɗa su a tsakiya. Ba a shimfiɗe ake manna su ba, kowane baki sai an ɗaga shi santimita 2.5 sama da tebur. Amfanin ɗagin shi ne in iska ta karkatar da jirgin ya fara zamewa gefe, fiffiken da ya yi ƙasa yakan fi samun iska ya turo kansa sama, jirgin ya miƙe da kansa. Tunda ba matuƙi, wannan ɗagin ne matuƙinsa. Mun tokare bakunan da kwalin ashana, muka goge mahaɗar a karkace don fuskokin biyu su haɗu ba rata.

Gam: Top Bond na zaɓa, ba sufa gulu ba. Sufa gulu yana kamawa nan take, amma ba ya ba ka damar gyara, kuma mahaɗarsa tsagewa take yi in ta sha duka. Dabarar farin gam ita ce a shafa siriri a fuskokin biyu, a bari balsa ya sha ya bushe, a sake shafawa sannan a haɗa. Da bushewar iskar nan da ta fara shigowa, kafin a yi la'asar ya kama.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An manna bindi, na kwance da na tsaye, an ɗora fukafukai a kan sanda. Na tsaya a bayansa na rufe ido ɗaya na duba, komai a miƙe. Tsawon fukafukai daga baki zuwa baki santimita 30, nauyi giram 12 kafin laka. Fenti ba za mu sa ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Gwajin jifa da hannu, a filin ƙwallon unguwa, da sassafe kafin iska ta tashi.

Wanda duk ya ga bidiyon irin wannan jirgi, harbin yake gani. Amma harbi daƙiƙa biyu ne. Ainihin aikin yana nan, a tsaye cikin raɓa kana jifa kana ɗaukowa kana mintsinar laka. Jifan ma ba na ƙarfi ba ne. Ana riƙe shi a ƙarƙashin fukafukai, hanci ya ɗan kalli ƙasa, a tura shi a hankali kamar za a ajiye shi a wani wuri taku goma a gaba.

Da farko yana barin hannu sai ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya rufto, ya sake ɗagawa. Nauyi ya yi baya ke nan. Muka liƙa laka a hanci. Sai ya koma yana sukuwa yana cakar ƙasa. Muka dinga ragewa kaɗan-kaɗan har ya fara tafiya doguwa a kwance, yana sauka a hankali. Na ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai na nemo inda ya tsaya daidai, ya faɗo kusa da tsakiyar faɗin fiffiken, na ɗiga alama da biro. Daga yau duk gyaran da aka yi masa sai an dawo da shi kan wannan ɗigon.

Sai juyi. Jirgin da ke tafiya a miƙe sambal yana da kyau a ido, amma daga sama in ya miƙe haka sai dai a bi shi da babur. Ana so ya dinga kewaye mai faɗi. Ɗan ƙwayar laka a bakin fiffiken hagu ta wadatar. In ta yi yawa kewayen ya matse, ya zama jirgin yana murɗawa yana nutsowa.

A nan ne 'yar ƙanwata ta yi tambayar da ita ce cibiyar aikin gaba ɗaya. Ta ce, "Kawu, in an saita shi ya dinga ɗaga hanci kaɗan don ya yi shawagi, ai in roka ta ja shi da gudu zai ɗaga da yawa ya kifa ta baya." Haka ne. Ƙarfin ɗagawar fiffike yana ƙaruwa da murabba'in gudu: gudu ya ninka sau biyar, ɗagawa ta ninka sau 25. Abu ɗaya ake nema ya tafi sama kamar kibiya ya dawo kamar shirwa, kuma abin da ke gyara ɗayan shi ke ɓata ɗayan. A tsarin kwalin, bututun injin yana rataye can gaban jirgin, nauyinsa ya ja ma'auni gaba lokacin hawa, in ya rabu ma'aunin ya koma kan ɗigonmu. Mu da za mu sa gora, sai mun nemo tamu hanyar.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ginin maharba, wato abin da zai harba gorar. Gorar lemo mai gas ta lita ɗaya muka samu, wadda ba ta da ƙarzuwa ko lotsawa. Gorar ruwan sha ba ta yi, ba don matsi aka yi ta ba.

Bakin gora faɗinsa wajen milimita 22 ne. In aka bar shi a buɗe, ruwan duka yana fita kafin ƙiftawar ido, fizgar kuwa ta fi ƙarfin balsa. Shi ya sa na nemo mahaɗin tiyo mai ɓallewa, irin na masu ban ruwan fulawa, wanda raminsa milimita 9 ne. Filin da ruwa ke bi ya ragu kusan sau shida, tunkuɗar ta ragu haka, ta kuma daɗe haka. Mun huda murfin gorar muka dasa namijin mahaɗin da Araldite, macen kuma tana ɗaure a katako, an ɗaura wa wuyanta igiya mai tsawon mita 8. Ana jan igiya, gora ta tafi. A gefe mun kafa siririn rodi mai tsawon mita ɗaya, gorar tana zamewa a jikinsa ta cikin guntayen bututun biro, don ta samu gudu kafin ta fara dogara da fikafikan kwali uku da muka liƙa mata a gindi. A hanci rabin ƙwallon tanis.

Bawul ɗin taya wurin mai facin bakin layinmu na samo. Da na yi masa bayani ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Malam, wato gorar ce za ta tashi? To iska nawa za ka ba ta?" Na ce hamsin. Ya ce, "Tayar ƙaramar mota ma talatin da biyu muke ba ta." Shi ya ba mu aron famfon ƙafa mai agogo, da sharaɗin ranar harbi a tafi da shi.

Kafin komai mun gwada gorar: aka cika ta fal da ruwa, aka sa ta bayan katanga, aka buga mata psi 70 (ma'aunin matsin iska na agogon famfo) aka bar ta. Ruwa ba ya matsuwa, don haka ko ta fashe tsagewa kawai za ta yi. Gorar da iska zalla ke ciki ita ce mai haɗari. Ba ta yi ko ɗigo ba. A fili ba za mu wuce 50 ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Neman fili. Cikin gari ba zai yiwu ba, ga wayoyin wuta, ga kwaruruka, ga rufin kwano ko'ina. Hanyar Bauchi kuma can filin jirgin sama na Lawanti yake, ba mu da abin yi a wannan ɓangaren. Muka bi hanyar Bajoga, wajen ƙasar Kwami, inda wani abokin aikina ke da dangi.

Mun fara da gaida Jauro, da jirgin da gorar a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, wasan yara ne na koyon kimiyya, ba wuta a ciki, ruwa ne da iskar famfo." Ya juya jirgin a tafin hannunsa yana mamakin rashin nauyinsa, ya ce a sanar da 'yan banga tukuna, kuma kada mu shiga inda ba a gama roron wake ba. Ya haɗa mu da wani dattijo mai gonar gyaɗa da aka riga aka cire. Ita ta fi dacewa ma. Gonar dawa bayan girbi cike take da tushiyar kara masu tsini, fiffiken balsa ya sauka a kan ɗaya ya huje.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun isa gonar rana na fitowa, sanyi na cin yatsu. Ni, 'yar ƙanwata, mai faci da famfonsa, sai yaran ƙauyen da muka tsayar can bayan mai jan igiya.

Gorar ita kaɗai muka fara harbawa, ruwa kashi ɗaya cikin uku, psi 40. Ta tafi sama a miƙe, ta bar igiyar ruwa a bayanta. Mai faci ya yi ta salati yana dariya.

Ratayar jirgin kuwa haka muka yi ta: guntun tsinken tsire a ƙarƙashin hancinsa, bakinsa na kallon baya, yana shiga bututun biro da ke liƙe a kafaɗar gorar ta sama. Muddin gora na ja, fegin yana zaune daram. Bayan ruwa ya ƙare ma iska ta fi riƙe jirgin fiye da gorar mai nauyin hanci, don haka yana nan a maƙale har ƙololuwa. A can gudu ya mutu, gora ta sunkuya, fegin ya zame.

A takarda ke nan. A fili, gorar ta bar rodi ta lanƙwasa ta bi bayan jirgin, ta yi baka a sama maimakon ta miƙe, kuma suka dawo ƙasa tare ba su rabu ba. Kunyar gyaɗa ta karɓe su, hancin jirgin ya tsage. Sufa gulu ya yi amfani a nan. Muka kankare fegin da reza ya yi sako-sako muka sake. Wannan karon sun rabu, amma ƙasa-ƙasa, kuma jirgin ya sauko yana murɗawa dama, shi da aka saita wa hagu. Da na ɗauko shi bindinsa a jiƙe sharkaf da feshin gorar, ya riga ya kanannaɗe. Kafin tara iska ta taso daga gabas, muka tattara.

Talata, 10 ga Disamba

Gyara uku. Bindin na jiƙa shi gaba ɗaya na danne tsakanin gilasai biyu ya kwana, ya miƙe, sannan aka shafa masa jan farce marar launi, shafa ɗaya siririya. Ya ƙara kusan rabin giram a baya, sai da aka biya da laka a hanci. Na biyu, an matsar da bututun biron sama don bindin ya yi nesa da bakin gorar, aka kuma sa ɗan tokari a ƙarƙashin sandar jirgin yadda fukafukansa za su kwanta daidai da jikin gorar, kada su ciji iska lokacin hawa. Na uku, a ɗaya gefen gorar mun liƙa kwali mai girma da nauyin jirgin, don jan iskar ya zo ɗaya.

Fegin an rage shi daga milimita 15 zuwa 9. Ƙarƙashin fukafukai kuma an shafe da maka baƙa, samansu ja, domin farin balsa ɓacewa yake yi a sararin hunturu.

Asabar, 14 ga Disamba

Hazo ya rufe gari, ko ƙarshen layinmu ba a gani sosai. Ba mu fita ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Sarari ya washe, iska kwance. Wannan karon na tafi da abin awo: ma'aunin kusurwa na cikin gwangwanin lissafin 'yan makaranta, an ɗaura masa zare da noti, an liƙa bututun biro a bakinsa don leƙe. 'Yar ƙanwata ta tsaya mita 50 daga maharba da shi, ni ina riƙe da agogon waya.

A psi 50 gorar ta tafi kusan a miƙe, ɗan karkacen da ya rage bai kai a damu ba. A ƙololuwa ta sunkuya, jirgin ya zame, ya yi nutso ɗan gajere, ya ɗago hanci ya kwanta. Sai ga shi yana kewaye hagu, faɗin kewayen bai fi mita 20 ba. Kusurwar da ta karanta digiri 35, wato in aka ninka 50 da 0.7 tsayin ya kama mita 35, ban da tsayin mai awon. Daƙiƙa 34 ya yi. Kusan mita ɗaya ke nan yake sauka a kowace daƙiƙa, wanda ga jirgin 'yan koyo ba laifi, ko da yake nutson farkon nan yana cin mita biyar ko shida a banza. Ina zargin hancin ya ɗan yi nauyi tun gyaran bindi.

Muka cire laka kamar ƙwayar gero. Nutson ya ragu, lokaci ya koma 41.

Harbin ƙarshe wajen tara da rabi ne, rana ta fara gasa ƙasa. Jirgin ya rabu lafiya, ya yi kewaye biyu, sai muka ga ya daina saukowa. Iskar ɗumi mai tashi daga busasshiyar gona ce ta tallafe shi, tana kuma tafiya da shi yamma. Ya haura minti ɗaya da rabi kafin ta sake shi, ya sauka bayan wani garken shanu da ke kiwo a gonar dawa. Wani yaro makiyayi ne ya kawo shi, riƙe a tafin hannu biyu. Tushiya ta huda fiffiken dama kusa da baki, ramin bai kai girman kwabo ba. Dattijon mai gona ya ce in za mu dawo mu zo da wuri, bayan tara iskar wurin ba ta da amana.

Asabar, 28 ga Disamba

An toshe hujin da ragowar balsan da aka ɓalle sassan daga jikinsa, aka goge, aka dawo da ma'auni kan ɗigo. Abin da ya rage na balsa bai isa ko bindi ba.

Tun ranar Talata 'yar ƙanwata ta kwafe siffar sassan a kan kwali, ta yanka fukafukai da bindi daga farantin soso na tekawe, gangar jiki kuma sillen karan dawa da ta tsinto a gonar. Nauyinsa giram 10. A jifan hannu bai kai na balsa nisa ba, fukafukan suna lanƙwashewa, don haka ta manna siririn ɓawon kara a bakin gaba ya ƙara musu ƙarfi. Ko zai jure fizgar psi 50, fili ne zai nuna. Za mu fara masa da 30.

Shirin Asabar mai zuwa shi ne a cire kwalin da ke ɗaya gefen gorar a rataya nata a wurin, jirgi biyu a harbi ɗaya, nata a saita shi dama, nawa hagu, don kada su yi karo bayan sun rabu. Ana bukatar ƙarin bututun biro ɗaya, fegi na biyu, da mutum na biyu mai riƙe agogo. Mai faci ya ce agogon nasa ne, famfon a ba wani.